Daga fiton Haɗeja zuwa jirgin ruwan Jidda: Yadda 'yar takarda ke tsare kaya da mutuncin matafiyi

Idan damina ta yi nisa, daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, hanyoyi da dama a ƙasar Haɗeja kan koma hannun masu fito. Kogi ya cika ya batse, ruwa ya shafe hanyoyin burji da ƙananan gadoji, sai a ga babur da buhunan hatsi da akuya da mai goyo duk a cikin kwale-kwale guda.

A mashigar babu tikiti, babu rasit. Mutum ya miƙa kuɗin fito, ya nemi wuri ya zauna, ya kafa wa kayansa ido har a kai gaɓa. Haka ake yi a ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri tun kaka da kakanni, kuma galibi ana rabuwa lafiya, domin mai fito ya san fasinjansa, fasinja ma ya san gidan mai fito.

Sai dai mutanen wannan yanki ba a bakin kogi kaɗai tafiyarsu ta tsaya ba. Duk shekara ɗaruruwansu na tashi zuwa Hajji da Umara, wasu kuma karatu ko kasuwanci ke kai su Masar da Dubai da Turkiyya. A can babu wanda ya san gidan wani. Abin da ke tsaya wa mutum shaida shi ne katin shiga jirgi da 'yar takardar da aka liƙa wa jakarsa, kuma akwai waɗanda sakaci da waɗannan takardu biyu ya kusa kai su ga halaka.

Inda sanayya ce tikiti

Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, waɗanda aka datse da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Daga nan yake gangarowa ya ratsa Jihar Jigawa, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, kafin ya haɗu da ruwan Jama'are su nufi Tafkin Chadi.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, don haka ruwa ba ya bin hanya ɗaya. Ciyawar kacalla da ta toshe magudanai ta ƙara dagula lamarin. A ambaliyar 2020 da ta 2022, matasan garin Haɗeja sun kwana suna cika buhuna da yashi suna ɗaga jinga, yayin da ƙauyuka da yawa suka zama ba a isa gare su sai ta kwale-kwale.

A irin wannan lokaci fasinja kan ninka, kuma ba duka ne 'yan gari ba. Akwai baƙin 'yan kasuwa da suka zo sayen kifi, akwai masu gudun ambaliya da katifu da tukwane, akwai 'yan biki. Sanayyar da ta saba tsare kaya sai ta gaza, tunda mai fito ba zai iya riƙe fuskar kowa da buhun kowa ba.

Matsalar ba ta tsaya kan kaya ba. Idan tsautsayi ya faɗa, tambayar farko ita ce: mutum nawa ne a ciki? Lokacin da wani jirgin ruwa ya kife a kusa da Wara ta Ƙaramar Hukumar Ngaski a Jihar Kebbi, a watan Mayun 2021, an yi ta samun alƙaluma mabambanta kan yawan mutanen da ya ɗauko. A ƙarshen watan Nuwamban wannan shekarar kuma, mutum 29 suka rasu a ruwan Bagwai ta Jihar Kano, akasarinsu ɗaliban Islamiyya.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lakwaja, ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, ta kuma wajabta sanya rigar kariya. An ƙaddamar da sabon kundin ƙa'idojin sufurin ruwa a 2024. Amma tsakanin abin da ke rubuce da abin da ake gani a ƙaramar mashigar ƙauye akwai tafiya mai nisa.

Alama a jikin buhu

Sanya wa kaya alama ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fatake na da sun san taikinsu da mangalarsu da irin ɗaurin da suka yi musu, kuma madugu ne ke raba gardama idan an sauka a zango. Kuɗi kuwa a lalita suke, ɗaure a ƙugu a ƙarƙashin riga, ba a cikin kayan da jaki ke ɗauke da su ba.

Alhazan da suka bi ta ƙasa kafin jirgin sama ya yawaita sun fi kowa sanin wannan darasi. Sukan ratsa Barno da Chadi da Sudan, wani lokaci su shekara da shekaru a hanya suna noma da ƙwadago, kafin su isa Suwakin a bakin Bahar Maliya su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Wanda ya yi sake da guzurinsa a wannan hanya, sai ya ƙara wata daminar a ƙasar mutane.

Yau ma dabarar na nan. A kasuwar kifi ta Haɗeja, wadda ake zuwa daga sassan ƙasar nan sayen banda, dillalai na rubuta suna da lambar waya da garin da kaya za su a jikin kwali. Masu shinkafa da riɗi kan shafa wa buhunansu fenti ko su ɗinke bakin da zare mai wani launi. A tashar mota, mai aika saƙo ya rubuta lambar wanda zai karɓa, ya kuma karɓi lambar direba.

Duk waɗannan hanyoyi abu uku suke amsawa: kayan na wane ne, ina za su, kuma a hannun wa aka damƙa su. Su ne kuma tambayoyin da takardar jikin jaka a filin jirgi take amsawa. Bambancin shi ne, a tasha mai kaya ne ke rubuta alamarsa da hannunsa, a filin jirgi kuwa wani ne ke buga ta a na'ura da sunansa.

Ranar da lambar jaka ta zama tarko

A watan Disamban 2018, jami'an tsaron Saudiyya suka kama wata matashiya 'yar Najeriya a Madina, bayan ta tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Umara. An ce an samu jaka mai ɗauke da ƙwayar tramadol da sunanta a jiki. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya na iya kaiwa ga kisa.

Binciken Hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ya gano cewa ba jakarta ba ce. Wasu ne a filin jirgin suka buga lambar kaya da sunanta, suka liƙa wa jakar da ba ta taɓa gani ba. Sai da ta shafe wata huɗu a tsare, gwamnatin tarayya ta shiga tsakani, kafin aka sake ta a ƙarshen watan Afrilun 2019.

Mutane da yawa sun ɗauka an rufe wannan ƙofa. Amma a watan Agustan 2025 aka sake tsare wasu 'yan Najeriya uku a Jidda, su ma masu Umara da suka tashi daga Kano. NDLEA, ƙarƙashin Birgediya Janar Mohammed Buba Marwa mai ritaya, ta sanar da cewa wani gungu ne ya shigar da ƙarin jakunkuna da sunayensu ba da saninsu ba, ta kuma kama waɗanda take zargi. An sako mutanen uku a watan Satumba.

Abin lura a duka biyun shi ne, babu wanda aka ce ya karɓi saƙon wani. Tsohuwar nasihar da ake yi wa maniyyata, cewa kada su riƙe wa kowa kaya, tana nan daram, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Dole mutum ya san jaka nawa aka rubuta da sunansa.

Hanyar sani kuwa mai sauƙi ce. Duk jakar da aka auna aka karɓa, na'ura na fitar da doguwar takarda mai lamba goma da zanen layukan da kwamfuta ke karantawa. Ana ɗaura doguwar a hannun jaka, a yanko ɗan guntu a manna wa matafiyi a bayan katin shiga jirgi ko a bangon fasfo. A jikin guntun akan ga sunansa da inda jakar za ta sauka, sau da yawa har da adadin jakunkuna da nauyinsu.

Wanda ya ba da jaka ɗaya, guntu ɗaya ya kamata ya gani. Idan ya ga alamar jaka biyu ko nauyin da ya zarce abin da sikeli ya nuna, wurin tambaya ke nan, tun kafin ya ɗaga ƙafa daga gaban teburin. Haka kuma kuskure ne babba mutum ya miƙa fasfo da tikitinsa ga wani ya je ya yi masa awo alhali shi yana zaune a waje, ko da wanda ya karɓa sanye yake da rigar aiki.

Ga dattawan da ba sa karanta boko, nauyin na kan 'ya'yansu da jagororin tafiya. A ɗauki hoton jakar a kan sikeli, a ɗauki hoton guntun takardar, a tura wa wani a gida ta WhatsApp. Hoton da ke da rana da lokaci shaida ce da za ta iya yin magana a ranar da mai ita ya rasa bakin magana.

Katin da ake ɗorawa a Facebook

Wata sabuwar al'ada ita ce ɗaukar hoton fasfo da katin shiga jirgi a ɗora a Facebook ko a sitatus, ana neman addu'ar 'yan uwa. Niyyar mai kyau ce, amma katin na ɗauke da abin da ya wuce suna da lambar kujera.

A jikinsa akwai lambar ajiyar tikiti, wadda yawanci haruffa da alƙaluma shida ne. Da wannan lamba da sunan mahaifi ko na iyali, a shafukan kamfanonin jirage da yawa ana iya buɗe bayanan tafiyar mutum, a ga ranar dawowarsa, wani lokaci har a sauya masa kujera ko a taɓa tikitin komawa. Rufe lambar da yatsa ba ya wadatarwa, domin tana cikin zanen da na'ura ke karantawa, kuma akwai manhajojin waya da ke fassara shi.

Ban da haka, hoton na sanar da duniya cewa mai gida ba ya nan, har zuwa rana kaza. Wanda ke son sanar da tafiyarsa, hoton fuskarsa ya isa. Katin kuma a adana shi har a dawo gida a ga kaya sun cika, sannan a yayyaga shi kafin a zubar.

Alhazan da ke tafiya ta hannun Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Jigawa suna da wata matsalar ta daban: jakunkunansu iri ɗaya ne. An shafe shekaru ana ba kowane alhaji babbar jaka ta kilo 32 da ƙarama ta kilo 8, launi ɗaya, ɗinki ɗaya. Idan an sauke ɗaruruwa a filin jirgin Dutse, sai mai ƙyalle ko zare mai launi a hannun jakarsa ne ke saurin gane tasa. Rubuta suna da lambar fasfo a waje wajibi ne, amma a sa wata takardar a ciki, saman tufafi, saboda ta waje na iya gogewa ko ta yage.

Yadda abin yake a jirgin ruwan shaƙatawa

Idan Bahaushe ya ce jirgin yawo, yana nufin tafiya Hajji ko Umara ta hannun kamfani mai zaman kansa. Amma akwai wani jirgin da yawon ne aikinsa na gaske: katafaren jirgin ruwa mai hawa-hawa, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da shaguna, wanda ke zagaya garuruwan bakin teku na kwanaki.

Da can sai a Turai da Amurka ake jin labarinsa. Yanzu ya matso kusa da hanyar masu Umara. A watan Disamban 2024, kamfanin AROYA Cruises na Saudiyya ya fara tashi daga Jidda yana zagaya Bahar Maliya da jirgi mai ɗaukar fasinja fiye da 3,000. Daga Dubai ma irin waɗannan jirage na tashi a lokacin sanyi.

Tsarin kayansu ya bambanta da na jirgin sama. Kafin ranar tafiya, kamfani kan aiko wa fasinja takardar shiga da takardun jaka ta intanet, shi ne zai buga su ya liƙa da kansa. A jiki akwai sunansa da hawan da yake da lambar ɗakinsa. Tunda takarda ce kawai, masu dabara kan naɗe ta da salatif ko su sa ta a 'yar leda mai kauri, domin yayyafi ko jan kaya na iya raba ta da jakar.

A bakin tasha 'yan dako ke karɓar manyan jakunkuna, kuma ba za a sake ganinsu ba sai bayan sa'o'i, lokacin da aka ajiye su a ƙofar ɗaki. Don haka fasfo da magani da kuɗi da waya da caja da tufafi kala ɗaya, a ƙaramar jakar hannu suke zama. Mai ciwon suga ko hawan jini da ya sa maganinsa a babbar jaka zai iya wuni bai gan shi ba.

Bayan an tantance mutum, sai a ba shi kati guda mai aiki uku: shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga a duk garin da aka tsaya, shi ne kuma abin biyan kuɗi a cikin jirgin. Duk wanda ya tsinci katin zai iya sayayya da sunan mai shi, shi ya sa ake kai rahoton ɓatansa nan take. Da wannan kati ne kuma ma'aikata ke sanin wanda ya sauka bai dawo ba.

Akwai kayan da Bahaushe ya saba tafiya da su waɗanda ake ƙwacewa a ƙofa, saboda babu abin da jirgin ruwa ke tsoro kamar gobara. Dutsen guga da hita da kyandir da gawayin turaren wuta duk suna ciki. Mai bi ta Saudiyya kuma ya tuna cewa Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta sha gargaɗi kan shiga da goro, kuma magunguna masu ƙarfi na buƙatar takardar likita.

Kafin jirgi ya tashi, ko da zarar ya tashi, dole kowane fasinja ya halarci bitar ceton rai, ya san inda zai tsaya da yadda ake sa rigar kariya. An tsaurara wannan doka ce bayan jirgin Costa Concordia ya yi karo da dutse a gaɓar Italiya a watan Janairun 2012, inda mutum 32 suka mutu.

A daren ƙarshe akan raba wasu takardun jaka masu launi-launi, a ce kowa ya ajiye manyan kayansa a ƙofar ɗaki kafin ya kwanta. Washegari a wani babban zaure na tasha za a same su, an jera bisa launi. Nan ne aka fi ɗaukar jakar wani bisa kuskure, nan ne kuma ƙyallen nan na alhazai ke da rana.

Idan kaya suka ɓata

Matafiya da yawa na zaton kamfani zai biya duk abin da ya salwanta. Ba haka ba ne. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke ciki, ta ƙayyade iyakar diyyar kayan fasinjan jirgin sama a tafiyar ƙasa da ƙasa, kuma a yanzu iyakar ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba, komai tsadar abin da ke cikin jakar.

Akwai kuma wa'adi. Jakar da ta iso a fashe ko a lalace, kwana 7 ake da su a rubuta koke. Wadda ba ta iso ba har kwana 21, ana ɗaukarta a matsayin ɓatacciya. Matakin farko shi ne cike takardar rahoto a teburin kamfanin kafin a fita daga filin jirgi, kuma abin da za a fara tambaya shi ne guntun takardar nan mai lamba goma. Idan kamfani ya yi biris, Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama na da sashen karɓar koken fasinja.

A teku kuwa, Yarjejeniyar Athens ta 1974 ce ke aiki a ƙasashe da dama. Ta ce kamfani ba shi da alhakin kuɗi ko zinare ko kayan ado da suka ɓata, sai idan an damƙa masa su ajiya. Hajiyar da ta sayo sarƙa da awarwaro a kasuwar Jidda ta jefa su a babbar jaka, ta yi kasada da dukiyarta. Hikimar lalita ba ta tsufa ba: abu mai daraja a jiki yake kwana, ko a akwatin ajiya na ƙarfe da ke cikin ɗaki.

Littafi da biro a bakin mashiga

Babu wanda ke tsammanin a kawo na'urar buga kati mashigar ƙauye a Guri ko Kiri Kasamma. Amma ainihin abin da manyan jirage ke yi, wato sanin wanda ya shiga da abin da ya shigo da shi, ba ya buƙatar lantarki. A manyan tashoshin mota an riga an saba da takardar da fasinja ke rubuta sunansa da lambar ɗan uwansa kafin a tashi. Littafi ɗaya da biro a hannun shugaban masu fito zai yi wannan aiki, ya kuma sa a san lokacin da kwale-kwale ya cika.

Yankin ma na da nasa baƙin. Dausayin Baturiya da ke Kiri Kasamma na karɓar tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai a lokacin hunturu, kuma masu bincike da ɗalibai da masu buɗe ido kan shiga kwale-kwale domin kallonsu, ɗauke da kyamarori da wayoyi masu tsada. Baƙon da aka rubuta sunansa aka ba shi rigar kariya shi ne zai koma ya turo wani.

Ga mai tsallaka kogi da kayansa kuwa, matakan ba su da tsada: waya da kuɗi da katin shaida a ƙulle cikin leda biyu a sa a jiki, buhu da kwali a rubuta musu suna da fenti ba da alli ba, a ƙirga kaya a gaban mai fito kafin a shiga da bayan an sauka. Idan jirgi ya yi nauyi, a jira sahu na gaba. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin fito sau biyu bai kai asarar buhu ɗaya ba, balle ta rai.